Shawarwari kan maganin mura na Ayurveda

A wata tattaunawa kan maganin mura na Ayurveda, wato tsarin maganin gargajiya na Indiya, masu tattaunawar sun fi tsayawa a kan Ayush Kwath, haɗin da ma'aikatar kula da magungunan gargajiya ta Indiya ta yayata a shekarar 2020. Ana haɗa kashi huɗu na ganyen tulsi, wanda dangin ɗoɗɗoya ne, da kashi biyu na kirfa, biyu na busasshiyar citta, da kashi ɗaya na masoro, sannan a jiƙa giram 3 na garin a tafasasshen ruwa a sha da ɗuminsa. Wasu sun ƙara da madara mai zafi da gangamau, da surace da na'a-na'a domin toshewar hanci.

Gargaɗin da aka yi ya fi muhimmanci a ganina. Waɗannan haɗe-haɗe suna sauƙaƙa maƙogwaro da tari, amma ba a tabbatar cewa suna kashe ƙwayar cutar ba, kuma likitoci a Mumbai sun danganta shan giloy, wani tsiro da shi ma ake amfani da shi a Ayurveda, da lalacewar hanta. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma. Wanda numfashi ya fara yi masa wuya, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ya garzaya asibiti.