Kankana da wake a gona ɗaya, zai yi kuwa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa manoma, dan Allah ina neman shawara. Gonata tana wajen Gumel, jigawa ce yashi sosai kuma ta gaji, taki ya yi tsada, shine nake so bana in haɗa kankana da wake ko ƙasar ta ɗan farfaɗo, amma wani maƙocina yace wake zai danne kankanar in tashi a tutar babu. Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka.

Wani manomi daga Haɗeja:
Wa'alaikumus salam. Maƙocinka yana da gaskiya in kanannado zaka sa, shi mai yaɗo ne kankana ma mai yaɗo ce, zasu cakuɗe ko wurin taka ƙafa ba zaka samu ba. Ka nemi wake mai tsayuwa ɗan wuri, irin su Sampea na cibiyar binciken noma ta Samaru Zariya, kayi layin kankana ɗaya layin wake biyu, kuma ka bar kankana ta riga shi fita da kamar sati biyu.

Malamin gona:
Ɗan uwa gyara kaɗan kan maganar taki. Gaskiya ne saiwar wake tana da ƙananan ƙulle-ƙulle masu jawo naitirojin, wato sinadarin taki, daga iska, amma yawancin amfanin sai shuka ta gaba zata ci, geron baɗi ko dawa, kuma shi ma in ka kwashe harawa kaf ka sayar to kaɗan zai rage a ƙasa. In dabbobinka ne suka ci, ka mayar da kashinsu gonar. Kankana ta bana sai ka bata hakkinta, takin gargajiya a rami da ɗan takin zamani NPK 15-15-15, wake kuma takin supa yafi so ba yuriya ba. Ita kankanar taimakonta shine ganyenta yana rufe ƙasa, ciyawa ta ragu danshi ya daɗe, a yashi wannan ba ƙaramin abu bane. Kowanne zai ɗan ragu akan in shi kaɗai ka shuka, amma in ka haɗa biyun yawanci kafi samu.

Wani dattijo daga Gashuwa:
Yaro ka kula da feshi. Wake baya yi sai da magani lokacin fure, kankana kuma bata ɗaura 'ya'ya sai ƙudan zuma sun zo mata da safe, in kayi feshi da hantsi ka kashe su sai kaga fure na zubewa kace iri ne mara kyau. Da yamma liƙis ake yi. Mu nan haka muke da guna.

Mai tambaya:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Malam gyaɗa fa a madadin wake?

Malamin gona:
Zata yi, sai dai ka bada tazara sosai don wajen cirarta ana taɓa saiwa da yaɗon kankana.