Dattijon ajina ya daina zuwa, ko girma ne ya hana shi ɗauka?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Shekara tara ina koyar da 'yan firamare, bana aka ba ni ajin yaƙi da jahilci. Akwai wani dattijo, zai kai shekara 60, kullum shi ke riga kowa zuwa. Ran nan na ce ya tashi ya karanta layi biyu a allo. Ya tsaya yana ƙanƙance ido, ya kasa, wasu suka yi dariya. Yau mako biyu ban sa shi a ido ba. Abokin aikina ya ce in ƙyale shi, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da gaske ƙwaƙwalwa tana rufewa idan an manyanta?

Wata mai ba da shawara a makaranta: Wa alaikumus salam Malam. Ba ta rufewa. Masanin halayyar ɗan Adam Paul Baltes na Jamus ya yi bayani a 1987 cewa mutum yana sauyawa ne daga haihuwa har mutuwa, kuma a kowane zango akwai abin da yake samu, akwai abin da yake rasawa. Kafin shi wani masanin, Raymond Cattell, ya raba basira gida biyu. Saurin kama sabon abu yana ja baya da shekaru, amma tarin sani da kalmomi yana ƙaruwa har tsufa. Kai kuwa saurinsa ka gwada, a gaban jama'a kuma. Ka fara da abin da ya riga ya sani: sunansa, sunayen 'ya'yansa, lissafin sana'arsa.

Wani malami: Ni "ƙanƙance ido" ɗin nan ya tsaya min a rai. Anya ba idon ba ne? Daga shekara 40 gani yakan fara sauyawa. A duba masa, wataƙila tabarau kawai yake buƙata.

Wani tsohon malami: Ɗana, yaro ka tsayar ya kasa, gobe ya manta. Magidanci mai jikoki ba haka yake ba. Masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson ya kasa rayuwa zango takwas, ya ce daga wajen shekara 40 zuwa 65 abin da ke ran mutum shi ne ya amfani na baya. Ka ga wanda ke son a ɗauke shi majingina, shi aka yi wa dariya. Amma kada ka mayar da zangunan nan dokar da ba ta sauyawa, ni na ga ɗan 70 da ya fi matasa naci. Ka taka ka same shi, kada ka aika.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. In na je, in ba shi haƙuri kai tsaye?

Tsohon malamin: Ba shi, a taƙaice. Sannan ka ce masa akwai lissafin da kake so ya taya ka nuna wa ajin ranar Litinin.