Jirgina ya tsattsage da hunturun nan, yaya zan yi?

Ɗan Yelwa:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin aikin jirgi ku taimaka min. Jirgin katako ne na gada wurin mahaifina Allah ya jiƙansa, da shi muke ɗaukar kaya da fasinja nan gefen Yauri ranar kasuwa. Tun ƙarshen damina yake yoyo, sai na ce bari in jawo shi tudu in gyara, to wlh sati uku kacal da ya yi a waje iskar hunturun nan ta busar da shi, tsakanin katako da katako ya buɗe har kana hango ƙasa, wani wurin ma yatsa na shiga. Na narka kwalta da safe na shafa amma kafin in kai ƙarshen layi ta daskare. In ci gaba ne ko in bari sai zafi ya shigo?

Baba Kafinta:
Wa alaikumus salam ɗana. Kuskuren farko shi ne barin shi a fili iska na dukansa. Katako da ya saba zama cikin ruwa in ya bushe tsukewa yake, in ya koma ruwa kuma ya kumbura. Saboda haka kar ka ga rami ya buɗe ka danna auduga da tsumma da ƙarfi har ya cika dam, ranar da ya sha ruwa katakon zai matse, ko ya tura abin waje ko ya fizge ƙusa. Ka yi masa rumfa da zana, ka rufa masa jiƙaƙƙen buhu kwana biyu uku ya ɗan dawo, sannan ka cusa daidai wa daida. Kwalta kuma ba aikin asuba ba ce da sanyin nan, bari sai rana ta take, wuta na kusa da kai, kana ɗiba kaɗan kaɗan. Kafin duk wannan ka bi jikinsa da guduma kana ƙwanƙwasawa, inda ka ji sauti kamar ƙwarya to ya ruɓe, cire shi za ka yi. In ka samu maɗaci shi ne.

Mai Inji:
Baba ya gama magana. Ni dai injin nake tuna maka, in Yamaha ne kar ka bar tsohon fetur ya kwana cikin kafireta, ka duba fulogi, ka juye man giya, in ka ga ya yi fari kamar madara ruwa na shiga. Ka ɗaure shi da leda saboda ƙura.

Ɗan Yelwa:
Na gode ƙwarai. Baba wani ya ce in lulluɓe ƙasan da faiba, wato zaren gilashin nan da ake shafe shi da gam ya daskare, in huta, ya kake gani?

Baba Kafinta:
A kan tsohon katako mai danshi? Ban ba ka shawara ba. Faiba ba ta motsi shi kuwa katako yana motsi, za ta ɗago ruwa ya shige ƙarƙashi yana cin katakon ba ka gani. Kuma rayukan mutane kake ɗauka, wanda ya ga hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Wara a 2021 ba ya wasa da ruɓaɓɓen jirgi. In ka gama ka saka shi ruwa ba kaya ya kwana biyu, ka kwashe ruwan da ya shiga, ka sake dubawa da safe kafin kowa ya hau.