Ni na yi aikin ɓeraye, amma sunana ya koma na huɗu

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Don Allah ku ba ni shawara, raina a jagule yake. Ina digiri na uku a nan Kaduna, kan yadda gubar dalma ke lalata ƙwaƙwalwa, abin da ya tsaya min a rai tun bala'in yaran Zamfara na 2010. Ni na yi kiwon ɓerayen gwaji nau'in Wistar, ni na riƙa zuba musu dalma a ruwan sha, ni na tsaya bakin baho da agogo ina ƙirga daƙiƙoƙin da kowanne ke ci kafin ya gano dandamalin da aka ɓoye cikin ruwa. Tallafin Farfesa mai duba aikina ya ƙare a tsakiyar aiki, abincin ɓeraye da man janareta na firiza duk daga albashina, har kuɗin adashina na saka. Daga baya muka aika wa wasu masu bincike a Jamus yankan ƙwaƙwalwar ɓerayen, suka yi rini da hotuna. Jiya aka turo maƙala: ɗalibinsu ne na farko, ni ta huɗu, kuma tallafinsu kaɗai aka ambata.

Dakta Sani: Wa alaikumus salam. Hajiya, an zalunce ki. Ƙa'idar ICMJE, kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, kan zama marubucin maƙala sharuɗɗa huɗu ce: ka taka rawa a tsara aikin ko tattara bayanai, ka shiga rubutu ko gyara, ka amince da abin da za a buga, ka ɗauki alhakinsa. Samo kuɗi kaɗai ba ya sa mutum ya zama marubuci. Ki rubuta wa editan mujallar yau.

Abban Sadiya: Likita, a yi a hankali. Farfesan nan shi zai sa hannu a kundinta. Ni sai da na kammala aikin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na ga sunan shugaban sashenmu a gaba, mutumin da bai san ƙofar dakin gwajin ba. Na haɗiye, yanzu ga ni da digirina.

Dakta Sani: Haɗiyewar nan ce ta kashe mu. A tsarin ƙarin girma, makin na farko daban, na huɗu daban.

Anti Rabi: Ƙanwata, wa ya rubuta maƙalar? Kuma kun yi yarjejeniya kafin ku aika samfurin?

Maman Ilham: Su suka rubuta, Anti. Amma ai ba a kira ni ba. Yarjejeniya kuwa, yaya zan dubi Farfesa in ce ya rubuta min takarda? Kamar uba yake a wurina.

Anti Rabi: To ki nemi a sa ku biyu a matsayin na farko, da alama a jikin sunayenku, mujallu da yawa na karɓa. Ki ce a cika jadawalin CRediT na gudummawar marubuta, kowa a rubuta abin da ya yi. Kuɗinki kuma, kina da rasit?

Maman Ilham: Mai sayar da abincin kaji a kasuwa rasit yake bayarwa?

Dakta Sani: Rabon suna biyu yaudara ce, na gaba ake ambata. Kuma ICMJE ta ce wanda ya tattara bayanai a ba shi damar shiga rubutu. Kada ki sa hannu.

Abban Sadiya: In ta ƙi, Jamusawan su janye, wa zai sake yi mata rinin?

Maman Ilham: Ban ce zan yi rigima da kowa ba. Sun ce ran Litinin za su tura wa mujalla, Farfesa kuma ya tafi Abuja, wayarsa ba ta shiga.