Sifikuna suna gajiyar min da kunne, wacce zan saya mai taushin sauti?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina amfani da wasu dogayen sifiku ƙirar Turai masu tiwita (ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti) ta ƙarfe. Idan faifan an ɗauke shi da kyau, sai ka rantse mawaƙin yana cikin falon. To amma abin da na fi saurare tsofaffin waƙoƙin kalangu da kukuma ne da aka kwafo daga kaset, sai karatun malamai na MP3. Waɗannan kam ba sa rufa musu asiri, duk shuuu ɗin kaset sai ya fito, minti 30 kunnena ya fara zafi. Falona mita 4 ne da 5, ƙasan tayil, amfilifaya Marantz. Ina tunanin canja su da sifikun Wharfedale Linton ko Spendor. Akwai wanda ya taɓa irin wannan canjin? Ba ƙarin bas nake nema ba.

Ɗan Gwallameji: Yallaɓai ka ƙaro sabufa, sifikar bas, inci 12 kawai, magana ta ƙare.

Injiniya: Ya ce ba bas yake nema ba. Baban Khalifa, kar ka sayar tukuna. Kunnen ɗan Adam ya fi kama sautin da ke tsakanin haz 2,000 zuwa 5,000, kuma tayil da bangon siminti dawo maka da shi suke yi. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da su, sa labule mai nauyi, ka daina saita su daidai kunnenka, su kalli gaba sak. Ni a Yelwa haka na yi, rabin tsinin ya tafi.

Alhajin Fadamar Mada: Ni dai abin da ya same ni zan faɗa maka, ƙanena. Bara na ga wasu na hannu a wajen wani ɗan kasuwa a Legas. Ya turo min bidiyo a WhatsApp suna kiɗa raɗau, na tura kuɗi, aka ɗoro su a babbar mota. Kwana shida ina zarya tasha. Da suka iso, kusurwar ɗaya ta fashe, wannan na yafe. Na haɗa, sai na ji murya tana karkata hagu. Muka kwance, ashe tiwitar dama ba tata ba ce, wata 'yar banza aka liƙa da gam. Soson bakin wufa, babban bakin da ke fitar da bas, kuma ya ruɓe, kana taɓawa yana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Na kira shi ya ce zafin Bauchi ne. Zafin kwana shida! Daga nan ya toshe lambata. Yau suna ɗakin ajiya, in na gan su raina ɓaci yake.

Maman Ummi: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ba ka bi ta shugabannin kasuwar ba?

Alhajin Fadamar Mada: Na bi, Hajiya. Suka ce in zo da rasit. Wane rasit, cinikin waya?

Na Bakin Kura: Linton sabuwa da ƙafafunta miliyan biyu da rabi aka ce min a Abuja.

Ɗan Gwallameji: Kai! Abokina ya ɗauko a Kano miliyan ɗaya da ɗari biyu.

Na Bakin Kura: Da ƙafafun? A kwalinta? Ka tambaye shi, kar a je irin ta Alhaji ce.

Malam Tsohon Ma'aikacin Rediyo: Ɗana, tunda murya ka fi ji, duba Spendor da Harbeth. Duka biyun tsofaffin injiniyoyin BBC ne suka kafa su a Ingila, Spencer Hughes da Dudley Harwood, kuma asalin aikinsu sifikar da za a ji maganar mutum yadda take. Linton ma ba laifi, tiwitarta ta yadi ce, wufarta inci 8, kuma om 6 ce (ma'aunin nauyin da take ɗora wa amfilifaya), Marantz ɗinka zai ja ta. Sai dai ka sani, abin da aka ɗauka da muni ba ya gyaruwa, sauƙin ji kawai za ka samu.

Mai Gyara na Wunti: Kawo min su in sa wa tiwitar rezisto ɗaya mai rage ƙarfin wuta, dubu biyar.

Injiniya: Rezisto ɗaya yana canja inda kurosoba, na'urar da ke cikin sifikar, ke raba sauti tsakanin tiwita da wufa. Kar ka bari a taɓa.

Mai Gyara na Wunti: Shekara 18 ina naɗa koyil. Kai a YouTube ka gani, ni da hannuna nake yi.

Injiniya: Sifikun biki kake naɗawa, ba irin waɗannan ba. Malam ne kaɗai a nan ya zauna gaban Spendor.

Ɗan Gwallameji: Ko kuwa a tambayi Maman Khalifa, in ta ji farashin ita za ta zaɓa masa rediyo mai batir biyu.

Baban Khalifa: Ita ce ma ta fara cewa sautin yana sa mata ciwon kai. Malam, ina zan je in saurari Spendor da kunnena kafin in biya? Da kaset ɗina nake so in gwada.

Maman Ummi: Ku da kuke maganar miliyoyi, da me kuke kare kayan? Watan jiya aka kawo wuta da ƙarfi cikin dare, amfilifayar maigidana da firji suka tafi tare, ga stabilaiza a jone.

Mai Gyara na Wunti: Amfilifaya huɗu ke shagona yanzu, duk dare ɗaya. Wata kuma ƙirar Amurka ce mai bolt 120, aka soka ta a wutarmu ta 230.

Alhajin Fadamar Mada: Kuma ƙarshen wata a kawo maka takardar kuɗin wuta kamar ba abin da ya faru. Ni na koma sola, sai ga inbatar tana sa sifika huuu. Injiniya, wannan kuma fa?

Injiniya: Wace iri ce, mai tsabtatacciyar wuta ko mai arha? Kuma gidan akwai wayar ƙasa?