Abin da na tsinta a hirarmu kan unguwar Vauban ta Freiburg

To jama'a, ga shawarwari kan wurin zama da yawo da suka fito daga bakin 'yan uwa da suka san Freiburg, can kudancin Jamus.

Kusan kowa ya ce in kana da iyali Vauban ta yi. A da barikin sojan Faransa ce, bayan sun tashi a 1992 aka mayar da ita unguwa, yawancin layukan ba a ajiye mota a ƙofar gida, sai ka kai ta gareji a bakin unguwa, shi ya sa yara ke wasansu a titi hankali kwance. Masu mota kam sun yi ƙorafi, ni dai ina ganin keke da jirgin ƙasa na cikin gari (tram) lamba 3 sun wadatar, kamar minti 15 ka shiga cikin gari.

Matsalar ita ce haya, akwai tsada kuma samun gida sai an sha wuya, don haka a fara nema da wuri.

Wajen yawo kuwa tudun Schönberg na nan kusa, da ƙafa ma za a je. Sai dutsen Schauinsland mai tsayin mita 1,284 da ake hawa da motar igiya (wadda ke tafiya a rataye a sama), a tafi da rigar sanyi ko da rana ake. Kasuwar da ke ci kewaye da babban cocin Münster kullum ne banda Lahadi, amma a kula da tsiran da ake soyawa a wurin, galibi naman alade ne. Sayayya ma a gama ta ran Asabar don Lahadi shaguna a rufe suke.