Maganin ƙarin jini ya ƙi zama min a ciki, ku ya kuka yi da naku?

Maman 'yan biyu:
Salam 'yan uwa, don Allah ina neman shawarar wadda ta taɓa shiga irin halin nan. Cikina wata shida, na je awo aka ce PCV ɗina, wato awon yawan jini, 27 ne, aka haɗo ni da jan ƙwayar nan ta ƙarin jini da folik asid aka ce sau uku a rana, to wallahi ina sha ba a minti ashirin zuciyata ta fara tashi, ga bayan gida ya yi tauri ya koma baƙi wuluk har na tsorata, yau kwana tara kenan na ajiye shi a saman firij ban faɗa wa kowa ba. Kuma jirin na nan, shara kaɗan sai haki, ga wani kwaɗayin farar ƙasa da ƙanƙara da ya addabe ni.

Mai ɗinki daga Zariya:
Sannu 'yar uwa, Allah ya raba lafiya. Baƙin bayan gidan kar ya dame ki, ni ma na tsorata a cikina na fari, aka ce min ragowar sinadarin ƙarfen ne da jiki bai ɗauka ba yake fita. Ni kuskuren da na yi wata biyu cur da shayi mai kauri da madara nake kora ƙwayar da safe, na koma awo jini bai motsa ba ko kaɗan, sai da wata nas ta zaunar da ni ta tambaye ni da me nake sha. Ashe ganyen shayi da madarar duk suna hana hanji ɗaukarsa. Na koma sha da lemon zaƙi, shayin sai bayan awa biyu, wata ɗaya na ga bambanci.

Ungozoma ce ni:
Maman 'yan biyu ki koma asibiti satin nan ki faɗa musu gaskiya kin daina, ba wanda zai cinye ki, mu abin da ya fi ba mu wahala shi ne mace ta ce tana sha alhali ba ta sha, sai ranar haihuwa a shiga neman ledar jini da tsakar dare. Cin farar ƙasa da tauna ƙanƙarar nan alama ce da muka sani ta ƙarancin ƙarfe a jiki, kuma ƙasar kanta tana ƙara hana shi shiga jini. Maganar sau uku a rana kuma, akwai binciken da aka yi a Zurich ta ƙasar Suwizalan aka wallafa a 2017, sun gano idan an sha ƙwayar, hanta tana sakin wani sinadari hepsidin wanda yake rufe ƙofar hanji kusan kwana guda, shi ya sa matan da suka sha yau suka tsallake gobe jikinsu ya fi ɗauka daga kowace ƙwaya. Amma fa matan binciken ba masu ciki ba ne, don haka kar ki yanke wa kanki, ki bari likitanki ya rage miki ko ya canza miki zuwa na ruwa.

Uwar marayu, Maraɗi:
Ni nawa bayan haihuwa ne, na zubar da jini sosai. Uwar mijina Allah ya saka mata da alheri kullum hanta rabin gashi da miyar zogale da kunun kanwa, na ɗan ji ƙarfi amma wata huɗu ina tafe ina ganin duhu-duhu, gashina yana zuba a matsefi. Abinci yana taimakawa amma shi kaɗai bai fitar da ni ba, sai da na sha magani, kuma likitan ya ce ko jini ya dawo in ƙara wata uku saboda ma'ajiyar jikin ta cika.

Hajiya daga Kano:
Ni dai duk dabarar nan na gwada, da abinci, da dare, na ruwa, duk amai. A wata na bakwai aka saka min na jijiya, irin ƙarin ruwa ne amma launinsa ruwan ƙasa kamar shayi ba madara, ƙaramar leda, minti kamar ashirin an gama, suka riƙe ni rabin awa suna duba ni na tafi gida. Sati biyu na fara hawa benen gidanmu ban tsaya a tsakiya ba. Tsada ce kawai matsalarsa, sai da maigida ya sayar da tunkiya.

Ungozoma ce ni:
Hajiya wannan shi ne ferik kaboksimaltos, kuma an gwada shi a nan gida ba a Turai kawai ba. Binciken IVON da Farfesa Bosede Afolabi ta Jami'ar Legas ta jagoranta, da Farfesa Hadiza Galadanci a ɓangaren Kano, mata masu ciki 1,056 aka raba biyu, wasu ƙwaya wasu na jijiya sau ɗaya, sakamakon ya fito a 2024. Abin da ya tsaya min a rai shi ne a sati na 36 yawan masu ƙarancin jini a ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne, amma ƙarancin ƙarfen kansa na jijiyar ya fi kawar da shi nesa ba kusa ba. Ma'ana ba kowane ƙarancin jini ne na ƙarfe ba, a wajenmu ga maleriya ga tsutsar ciki ga sikila, shi ya sa nake roƙon mutane in da hali a yi gwajin feritin tukuna, wato wanda yake nuna yawan ƙarfen da ke ajiye a jiki.

Ɗan uwanku namiji:
Ku yi haƙuri na shigo muku, maganar Anti ungozoma ce ta taɓa ni. Mahaifiyarmu shekara guda muna saya mata maganin ƙarin jini a kemis ba gwaji, tana cewa tafin ƙafarta kamar ana tsira mata allura, takalmi ya cire ba ta sani ba. Da muka kai ta aka auna ashe bitamin B12 ne ya yi ƙasa har ya taɓa jijiyoyin ƙafar, ga shi ta daɗe tana shan metfomin na suga wanda shi ma yana rage shi. An fara mata allura jinin ya dawo da wuri, amma jijiya ba ta gaggawa, yanzu wata takwas yatsu biyu har yau a mace suke.

Maman 'yan biyu:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci, Allah ya ba Mama lafiya. Na koma yau na faɗa musu na daina, likitar ba ta yi faɗa ba, ta mayar min sau ɗaya da daddare bayan abinci, ta rubuta gwajin maleriya da feritin, ta ce in dawo bayan sati uku, in bai hau ba za mu yi maganar na jijiya. Hajiya don Allah a asibitin kuka sayi naki ko sai da kuka nemo a waje?